Tsohuwar fadar bakin kwalta a Maine-Soroa

'Yan uwa mata, duk wadda ta taɓa bin babbar hanyar da ta taso daga Zinder zuwa Diffa ta san Maine-Soroa, garin gishirin Manga da kanwa, mahaifar marigayi shugaba Tandja Mamadou. A bakin kwaltar nan, cikin unguwarmu, akwai wata tsohuwar fada: benci biyu, tabarma, murhun gawayi da 'yar butar shayi. Ba rufi, ba ƙofa, amma ta girmi yawancin 'ya'yanmu.

Sunan fada daga fadar sarki aka aro shi. A shekarun 1990 ne samarin Nijar da suka rasa aikin yi suka riƙa kafa irin wannan majalisa, ana dafa shayi zubi uku: na fari da ɗaci, na biyu daidai, na uku zaƙi zalla. Samarin da suka kafa tamu yau magidanta ne, wasu har da jikoki. Nan ake jin kuɗin buhun tattasai na bakin Komadugu, nan ake haɗa gudummawar suna da ta rasuwa.

Mu ba ma zama a fada, wurin maza ne. Amma kasuwarmu a gefenta take. Wa ke sayen ƙosai da fanke da kunun dare, in ba su ba?

Sai a watan Fabrairu na 2015, bayan harin Boko Haram a Diffa da Bosso, aka kafa dokar ta-ɓaci. Aka hana fita da dare, aka hana babura. Fada ta watse tun magariba, kaskon ƙosai ya huce. Da yawa cikinmu jarinsu a tukunya ya ƙare. Waɗanda suka tsaya da ƙafarsu su ne masu zubi a asusu: suka ci bashi a akwati, suka mai da sana'ar ta safe, wasu suka koma kiwon awaki.

Yanzu an sake hura gawayi a fadar, mun gode Allah. Amma mun ga yadda ciniki ke mutuwa dare ɗaya. Tsarin Mata Masu Dubara da aka faro a yankin Maradi a 1991 shi ne fadarmu. Don Allah kada wadda ta tsallake zubin wannan mako, ko da dala ashirin ce.