Gonar da na sa aka jinginar saboda biza

A Zauro arzikin gida a fadama yake. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Kebbi a 2015, kuma masana'antun casa irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu suka shiga sayen shanshera, gonar fadama ta zama abin da ba a wasa da shi. Irin wannan gona ce ni da bakina na sa mahaifiyarmu ta yarda aka jinginar, don ƙanena ya tafi Saudiyya neman aiki.

Yaron yana da sana'a a hannu. Ya koyi aikin lantarki a Birnin Kebbi, kuma masu gini suna nemansa. Sai wani dillali ya yi masa tayin abin da suke kira firi biza: ka biya kuɗi, ka sauka Jidda, ka yi aiki duk inda ka ga dama, kafilinka, wato wanda ya ɗauko ka, sunansa kawai ke kan takarda. Ƙanena ya kawo mini maganar saboda ni ne mai boko a gidan. Inna ta ce, "Kai ne babba, kai ka san takarda. In ka ce da alheri, na yarda."

Abin da na yi shi ne lissafi. Na ɗauki albashin da dillali ya ambata na juya shi zuwa naira, a lokacin da naira ke ta faɗuwa bayan an sake ta a 2023, riyal kuwa na nan daram a kan 3.75 kowace dala. Adadin ya rufe mini ido. Ban nemi ganin yarjejeniyar aiki ba. Ban tambaya ko dillalin na da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ba, alhali da shi ake samun izinin ɗaukar ma'aikata zuwa waje. Hoton bizar ya zo wayata, na dubi suna da lambar fasfo, na bar layin da aka rubuta sana'a da Larabci. Malamai nawa ne a garinmu da za su karanta mini shi bayan sallar la'asar? Girman kai ne ya hana ni, ba na son a ce mai digiri ya kasa gane takarda.

A wannan layin an rubuta direban gida.

Sai da ƙanena ya isa muka san nauyin waɗannan kalmomi. A dokar Saudiyya babu wani abu wai shi firi biza. Sana'ar da ke kan igama, wato takardar izinin zama, ita ce aikinka, wanda ya ɗauko ka shi ne maigidanka, kuma yi wa wani aiki laifi ne da ake kama mutum a kansa. Gaskiya ne a watan Maris na 2021 an sassauta tsarin kafili, aka ba ma'aikatan kamfanoni damar sauya wurin aiki bisa sharuɗɗa, amma sassaucin bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba. Da dillali ya ce mana an soke kafili, rabin magana ya faɗa, ni kuma ban bi sauran rabin ba.

Haka yaron ya riƙa aikin lantarki a ɓoye, yana kai wa kafili kasonsa duk wata, ga haya, ga abinci, ga kuɗin sabunta igama da aka ɗora masa. In mai gini ya hana shi haƙƙinsa ba inda zai kai ƙara, domin kai ƙarar tona kai ne. Da aiki ya yi ƙaranci ya gaza biya, kafili ya shigar da rahoton cewa ya gudu. Daga nan ya zama ɗaya daga cikin takarin da ke raɓe-raɓe in sun hango motar 'yan sanda. An kama shi, ya zauna a gidan tarhili na Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu, aka ɗauki hoton yatsunsa, aka sako shi jirgi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai taɓa ɗora mini laifi ba. Ya ce, "Yaya, ƙaddara ce." Na yi imani da ƙaddara, amma ba zan ɓuya a bayanta ba. An ba ni amanar dubawa, ban duba ba. Na nemi gafararsa da ta Inna a gaban dangi, na kuma ɗauki fansar gonar a kaina, ina biya daga albashina.

Ba na hana kowa fita. Ci-rani tsohon abu ne a wajenmu, kuma akwai ma'aikatan jinya da injiniyoyi 'yan ƙasar nan da ke aiki a ƙasashen Larabawa da mutuncinsu, don sun tafi da yarjejeniya mai sunan kamfani da albashi da sana'arsu ta gaskiya. Kirana ga yayye da iyaye ne: kafin a taɓa gona ko shanu, a kai bizar da yarjejeniyar wurin wanda ya iya Larabci ya karanta su layi-layi, a nemi ganin lasisin dillali. In ya ce a yi sauri kada guraben su ƙare, a bar masa guraben.