Kama Da Wane Ba Ta Wane

Ya kai mai karatu, kana da keke? In kana da shi, ko kana shirin saye, zauna ka ji abin da ya same ni. Ni baduku ne, a Birni aka haife ni, cikin Damagaram. Ina ɗinka jakunkuna da alabe da takalma da kayan doki. Hannuna shi ne gonata.

Kekena gado na yi daga wajen kawuna. Raleigh ne, ƙirar Ingila, daga Kano ya zo da shi. Ba irin babban keken nan ba ne da ake ɗora buhun hatsi. Keken tsere ne, mai siraran ƙafafu, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago, haƙoransa na baya hawa biyar. Kowace Lahadi da shi nake kai kaya kasuwar Mirya, tafiyar kimanin kilomita 18.

A kwana a tashi ƙafafun suka gaji. Ramuka sun karkatar da su, tsatsa ta ci wayoyin. Yau waya ɗaya ta tsinke, jibi biyu. In ina tafiya sai ka ga ƙafar baya tana rangaji kamar mai rawa.

Shekarar 1994 ce. A watan Janairu na shekarar nan aka karya darajar kuɗin sefa, ya koma rabi. Duk abin da ake kawowa daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Ga Babbar Salla ta matso, lokacin da baduku yake samun na shekara. Ni kuwa ba ni da kuɗin sababbin ƙafafu. Uwargidana ta ga na damu. Ba ta ce mini kome ba, sai ta sa aka kai akuyarta kasuwa, ta kawo kuɗin ta aje a gabana. Ta ce, "Malam, ga shi, a gyara keke. In Salla ta wuce ka maida mini."

Ran Alhamis na tafi Kasuwar Dole. Can na ga ƙafafu biyu sababbi ful, suna ƙyalli, ƙirar Faransa. Na ɗaga ɗaya, ba nauyi. Na juya ta, tana tafiya sumul. Na dube su da ido, na ce ai daidai suke da nawa. Muka yi ciniki, na biya.

A kan hanyata ta komawa na bi ta wajen wani tsoho mai gyaran keke, wanda yake zama a gindin dogon yaro. Ya ce, "Ɗana, ka yi saye ke nan? Kawo keken gobe in ɗaura maka. Dala ɗari kawai." Na ce, "To, Baba, sai na zo." A zuciyata kuwa cewa na yi, don noti huɗu zan ba da dala ɗari? Ai ni ma mai aikin hannu ne.

Ran Juma'a da yamma na baje kaya a zaure. Tun a nan keken ya fara yi mini magana, ni ne ban ji ba.

Da farko na ɗauko tsohuwar tayata na sa wa sabuwar ƙafa. Sai ta yi mata yawa, kamar yaro ya sa rigar ubansa. Na ce tsufa ne ya sa ta saki. Washegari na koma kasuwa da ƙafar, aka gwada mini wasu tayoyi har aka samu masu zama. Kuɗin da na ƙi ba tsoho, na ba da ninkinsa.

Na biyu, haƙoran baya. Wani yaro mai faci ya kwance mini su daga tsohuwar ƙafa. Na ɗaura su a cibiyar sabuwa, suka shige salin alin, ko ƙarfi ban sa ba. Na ji suna ɗan girgiza. Na ce in na taka za su ɗaure da kansu.

Na uku, birki. In na kama, ba irin ƙarar da na saba ji nake ji ba. Wani "shuuu" yake yi, kuma baƙar ƙura tana zuba a kan ƙafar. Na ce sabon abu ne, zai saba.

Mako guda ina yawo cikin lungunan Birni, daga ƙofar fada zuwa Zango, yara suna bi na suna kallo. Kowa ya ce keke ya yi kyau, sai kaina ya ƙara girma.

Ran Lahadi, ana saura kwana kaɗan Salla, na yi sammako. Na ɗaure kaya a baya, fiye da yadda na saba. Na wuce rabin hanya, sai ga wani tudu. Na miƙe tsaye a kan feda, na danna da ƙarfi. Sai na ji "ƙarrr!" Feda ta tafi fayau. Ina juyawa, sarƙa tana juyawa, haƙora suna juyawa, ƙafa kuwa ko motsi.

Mai hankali da nan zai tsaya. Ni kuwa kasuwa nake gani. Na tura keken har kan tudu, na ce gangara ba ta bukatar feda. Na hau na sake shi. Ga nauyin kaya, ga gangara, keke ya ɗauki gudu. Can ƙasa sai ga amalanken jaki yana hawowa kan kwalta. Na damƙe birki da iyakar ƙarfina. Tayar gaba ta ce "fau!" Ban san sa'ad da na bar sirdi ba. Hannun dama na kai ƙasa.

Mai amalanken nan shi ya tashe ni. Ya tsince mini jakunkuna ɗaya ɗaya daga cikin ƙarangiya, yana cewa, "Sannu, bawan Allah, Allah ya kiyaye gaba." Shi ya maido ni gari, ni da keke da kaya, ya ƙi karɓar ko dala. Tafin hannuna ya saɓule, wuyan hannu ya yi targaɗe. Kwana ashirin ban riƙe basilla ba. Salla ta zo, dawaki suka fito da adonsu, aikin da aka ba ni wasu suka ƙarasa, su suka karɓi kuɗin.

Amma ba ciwon hannu ya fi damuna ba. Ran da aka shigo da ni, uwargida ta wanke mini ciwo, ta ɗaure. Sa'an nan ta dubi ƙafar keke a karkace a jikin bango, ta ce, "Malam, akuyata ce waccan?" Ban sami abin cewa ba.

Da na ji sauƙi na tura keken wajen tsoho, kaina a sunkuye. Bai yi mini dariya ba. Ya ɗauko tsohuwar taya da sabuwa, ya tofa yawu ya goge gefensu, ya ce, "Duba nan." A jikin tsohuwar an rubuta 27 x 1¼, kusa da shi kuma 32-630. A jikin sabuwar an rubuta 700 x 28C, kusa da shi 28-622.

Ya ce lambar ƙarshe ita ce gaskiyar magana. Ita ce faɗin gargaren ƙafa, daga baki zuwa baki inda taya take zama, da awon milimita. Tsohuwar ƙafata 630 ce, sabuwar 622. Bambancin milimita 8 ne, wato 4 a kowane gefe, kamar tsawon ƙwayar dawa. Wannan ɗan abu shi ya sa tsohuwar taya ta yi yawa. Shi ya sa kuma robar birki ta haye sama, maimakon ta kama ƙarfe sai ta riƙa cin gefen taya. Baƙar ƙurar da na gani, tayata ce take ƙarewa. Ya ƙara da cewa babban keken nan na ɗaukar kaya, da ake ce wa 28, shi 635 ne. Wani lokaci kuma ƙafar 622 ma ana rubuta mata 28, alhali ba ta kai 27 girma ba. Don haka suna ba ya isa, sai an dubi lamba.

Sa'an nan ya nuna mini cibiyar ƙafar baya. Zaren da haƙora suke hawa ya cinye sarai, ya zama gari. Ya ce zaren Ingila layi 24 ne a inci ɗaya, na Faransa kuwa ya ɗan haura 25, kuma cibiyar Faransa ta fi siranta da abin da bai kai kaurin farce ba. Shi ya sa haƙoran Ingila suka shige da sauƙi, amma ba su kama ba. Haƙoran baƙin ƙarfe ne, cibiyar kuwa alminiyam ce mai taushi. Da na danna, mai ƙarfi ya cinye marar ƙarfi.

Ka ga mu mutanen Damagaram tsakanin awo biyu muke zaune. Faransawa sun shigo garin nan a 1899, har ya zama babban birnin ƙasa kafin a maida shi Yamai a 1926. Kano kuwa, wadda muke fatauci da ita tun kaka da kakanni, Ingilishi suka mulke ta. Kayan wannan da na wancan a rumfa ɗaya suke haɗuwa, a ido kuma duk ɗaya ne. A yau yawancin sababbin kekunan tsere 622 ne, an kuma daina yin zaren Faransa. Amma tsofaffin kekuna suna nan, kayan gwanjo kuma ba su daina zuwa ba.

Tsoho ya kwance wayoyin ƙafar baya duka 36, ya ɗaura sabon gargare a kan tsohuwar cibiyata, wadda zarenta ya dace da haƙoran. Ya miƙe ƙafar gaba. Ya goge ramin birki da zarto har roba ta sauko daidai kan ƙarfe. Kwana biyu ya yi yana aiki. Abin da na biya, har da sabuwar taya da tif, ya ninka dala ɗarin nan sau da yawa.

To, ɗan'uwa, ga abin da na koya, na ba ka kyauta. Kafin ka sayi ƙafa ko taya, karanta lambar da ke jikin taka, ka rubuta a takarda, ka tafi da ita kasuwa. In abu mai zare ya shige ba wuya yana girgiza, ko ya cije tun bai yi nisa ba, kada ka matsa masa, ba nasa ba ne. In ka sauya ƙafa, kama birki ka sunkuya ka duba: ƙarfe roba take kamawa, ko taya? In kuma keke ya yi ƙarar da bai saba ba, sauka ka kai shi wajen masu sani. Matambayi ba ya ɓata.

Akuya kuwa, sai da wata Sallar ta zagayo na iya maida ta. Na sayo mai ciki, don in rage kunya. Uwargida ta karɓi igiya, ta dudduba ta gaba da baya, ta ce, "Malam, ka dai duba lambarta ko?"

Tambayoyi

1. Me ya sa marubucin bai kai kekensa wajen tsoho ba tun farko?
2. Waɗanne alamu uku ya gani bai kula ba?
3. Milimita nawa ne tsakanin 630 da 622?
4. Je ka dubi tayar wani keke, ka rubuta lambar da ka gani.