Nauyin Sitiyarin Fijo da Kafaɗar Mai Ita

Duk wanda ya taɓa tuƙa Peugeot 504 ya san lokacin da nauyinta yake bayyana: sa'ad da take tsaye ko take rarrafe. A buɗaɗɗen titi sitiyarinta yana bin hannu kamar linzami, amma in an zo juya ta cikin lungu, ko cusa ta tsakanin motoci biyu ranar Juma'a, sai kafaɗa ta san an yi aiki. Wannan nauyi ne ya kawo saɓani a wani gida a Zariya, inda wani dattijo, tsohon malamin sakandare, yake riƙe da Fijon da ya saya sabuwa fil da bashin mota na gwamnati.

Motar tana da tarihin da ya isa a yi kishinsa. Ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta 1969. A 1975 aka soma harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, a shekarar ce kuma 504 ta lashe gasar Safari a Kenya. Ta yi motar ofis, ta yi tasi mai dogon zango, aka ci gaba da ƙera ta a Kaduna har 2006. Ga dattijon kuwa, ita ce ta ɗauko 'ya'yansa daga asibitin haihuwa.

Da ciwon kafaɗa ya kama shi, sai motar ta shafe watanni a rumfa. Babbar 'yarsa ta ce, "Baba, a sa mata fawa mana, ko ni ma na riƙa kai ka asibiti a cikinta." Ya ce motar da aka canja wa hannu ta zama wata mota dabam.

Maganarsa tana da tushe. A sitiyarin asali, ƙarfe ne zalla tsakanin tafin direba da taya: ɗan ƙaramin haƙori yana tura doguwar sanda mai haƙora, ita kuma ta karkata ƙafafun gaba. Injiniyoyi sun rage nauyin ta hanya biyu, faffaɗan sitiyari da yawan zagaye, shi ya sa direban Fijo yake ta murɗawa kafin motar ta gama juyowa. Ladan wannan wahala shi ne ji. Yashi, santsin laka, tayar da iskarta ta ragu, duk suna isowa hannu kafin ido ya lura. Na'urar taimako tana dakushe wani ɓangare na wannan ji, musamman in an sa mai ƙarfin da ya wuce kima.

Maganar 'yar ma tana da tushe. Motar da aka ajiye lalacewa take yi: robobi su bushe, birki ya kafe, batir ya mutu, ɓeraye su ci waya. Asalin da ake karewa zai ruɓe a rumfa muddin babu mai iya fitar da ita.

Wani tsohon bakanike da ya tsufa a kan Fijo ne ya sauya tambayar. Ya ce, "Ranka ya daɗe, bari mu fara ganin ko nauyin nata ne na haihuwa." Sau da yawa ba shi ba ne. Tayar da ta fi ta kamfani faɗi tana ƙara kama ƙasa. Ƙarancin iska, bushewar giris, cinyewar gaɓoɓin ƙafa da rashin saiti duk suna ƙara nauyi, haka ma ƙaramin sitiyarin kwalliya da wasu suke sauyawa. Aka mayar da taya ƙirar asali, aka canja abin da ya ci, aka saita ƙafa. Nauyin ya ragu sosai, har 'yar ta iya tuƙa ta. Kafaɗar mahaifinta dai ba ta gamsu ba.

Daga nan hanyoyi biyu suka rage. Ta farko ita ce mai amfani da mai, wadda Chrysler ta soma sayarwa a motar Imperial a 1951. Injin ne yake juya famfo ta hanyar bel, famfon ya tura mai cikin tiyo, man ya taya direba tura sandar. Wasu 504 na baya da kuma 505 da yawa sun fito da ita daga kamfani, don haka ana iya neman kayan a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Aibinta shi ne yawan aiki a ƙarƙashin bonet, ga yoyon mai, ga tsofaffin kayan da ba a san tarihinsu ba.

Ta biyu ita ce ta lantarki, wadda Suzuki ta fito da ita a 1988. Ɗan injin lantarki ne ake ɗaurawa a sandar sitiyari ƙarƙashin dashbod. Yana auna ƙarfin da hannu ya sa, ya ƙara nasa. Ba ya buƙatar famfo ko mai, kuma in ya mutu sitiyari yana komawa nauyinsa na da. Sai dai yana jan wuta, tilas a duba ko tsohuwar altaneta za ta ɗauka. Babban haɗarinsa yana wurin haɗi, domin dole a yanka sanda a haɗa. Walda mara kyau a wannan wuri rai take ci, garin neman gira a rasa ido.

Dattijon ya zaɓi ta lantarki bisa sharuɗɗa uku. Ba za a taɓa sandar asali ba: aka sayo wata daga motar da ta mutu aka yi aikin a kanta, aka shafe tasa da mai aka ajiye. Ba za a huda ko a yanka jikin motar ba. Sannan aka sa maɓallin rage taimako, ya ƙara shi wajen fakin, ya rage shi in ya hau hanyar Kano don ya ci gaba da jin titi.

Abin lura a shawararsa shi ne bambancin gyaran da ake iya warwarewa da wanda ba a iyawa. Mai tsohon kaya yana da haƙƙin more shi gwargwadon ƙarfin jikinsa, magajinsa kuma yana da haƙƙin tarar da shi yadda aka ƙera. Duk aikin da sufana za ta iya kwancewa cikin yini guda ya cika haƙƙoƙin biyu. Wanda aka yi da zarto da walda a jikin asali ya yanke hukunci a madadin mutanen da ba a tambaya ba.