Ƙas-ba-ƙas

Mu mutanen Maraɗi in mun ce tudu, ɗan hawan nan muke nufi daga gulbi zuwa cikin gari, inda aka maido birni bayan ambaliyar 1945. Garin kaf bai kai mita 400 bisa teku ba. To da wannan sanin tudu nawa na sauka filin jirgin Bole cikin watan Yuli, a Addis Ababa, birnin da ke zaune sama da mita 2,300.

Aikin sa-kai ya kai ni: wata uku na babban hutu, in koya wa yara Faransanci a wata cibiya. Baba bai so ba. "Ɗiya mace, ƙasar da ba mu da kowa?" Kakata ta Tsibiri ce ta sa baki, kawuna na Jiratawa ya cika sauran kuɗin hanya da cinikin zogalensa. Saboda haka tun kafin in shiga motar Yamai na san ko me ya same ni can, ba ni da bakin kuka.

Daren farko na farka sau uku kamar an danne mini hanci da matashi. Kai na sara, zuciya na dukan tara-tara, alhali kwance nake ban yi aikin komai ba. Ajinmu kuwa hawa na uku yake. Kafin in kai ƙofa na jiƙe, in tsaya gaban yara talatin baki buɗe, gaisuwa ma ta gagara. Su kuma sun hau a guje, suna ta kallon malamarsu da ta tsufa da ƙuruciyarta. Ga sanyi. Damina ce tasu, kiremt suke ce mata, kusan kullum ruwa, wani lokaci har da ƙanƙara. Sanyinmu na hunturu rana na fitowa yake guduwa. Wannan a cikin ɗaki yake kwana, wanki ya yi kwana uku kan igiya bai bushe ba. Alwalar asuba kam, Allah dai ya karɓa.

Kamar kowane ɗan Maraɗi, na yanke cewa masassarar sauro ce. Aka gwada jini, babu. Ma'aikaciyar jinyar ta ce mini iskar garin ce: nauyinta wajen kashi uku cikin huɗu ne na ta bakin teku, duk numfashin da na ja abin da ke isa jini ya ragu. Jiki zai ƙara jajayen ƙwayoyin jini da kansa, amma sai an yi makonni. In sha ruwa, in rage sauri. Ta rufe da kalma biyu, na rubuta su a littafina da harufanmu: ƙas-ba-ƙas. Sannu-sannu ke nan.

Abin da ya karya mini zuciya ba ciwon kai ba ne, wake ne. Na gaji da injera, wainar nan tasu mai faɗi da tsami, na ɗauko waken da Inna ta ƙulle mini. Ruwa ya tafasa, na yi ta jira. Awa biyu wake na nan kamar tsakuwa. Ashe a can ruwa a digiri 92 yake tafasa, ba 100 ba: ga bori, ga tururi, zafin bai kai ba. Na zauna gaban tukunya na yi kukan da na hana kaina tun zuwana. A daren na duba nawa ake canza tikitin komawa. Da Inna ta kira kuwa, "Lahiya lau, Inna, garin daɗi," na ce, ina janye wayar daga baki tsakanin kalma da kalma.

Tsohuwar da na sauka gidanta, Emama kowa ke ce mata, ita ta tarar da ni gaban tukunyar. Ta dafa kafaɗata ta ce ayzosh. Na daɗe ina neman fassararta a Faransanci ban samu ba, sai daga baya na ga ai sannu ce tamu: ta wanda ya yi tuntuɓe, ta mai ciwo, ta mai kaya a ka. Namiji ayzoh, mace ayzosh, yadda muke raba ka da ki. A aji an faɗa mana Hausa da Amharanci dangi ne na nesa, na haddace don jarrabawa, na manta. Sai ga shi a kunnena: sim suna, mot mutuwa, min kuwa mi ɗin nan ta bakin kakata. Wani abin kuma ya ba ni dariya. In suna sauraronka, "i" ɗinsu ɗan jan numfashi ne ciki, kamar an firgita. Kwanakin farko na ɗauka su ma iskar ce ba ta isar su.

Sai ƙ. Akwai ƴan sa-kai biyu Turawa a cibiyar, sun riga ni da wata biyu, suna hawa bene suna hira. Amma a ce su faɗi ƙey, wato ja, sai key. Ni kuwa sau ɗaya na ji na maimaita, yara suka yi tafi. Haka sautin da ke farkon tsehay, rana: ai shi ne na Tsibiri, tun ina goye nake jin sa. Huhuna baƙo ne a garin, maƙogwarona ɗan gida.

Nan na tuna da Caleb Everett, Ba'amurken da a 2013 ya duba harsuna 567 ya ce masu irin waɗannan sautuka sun fi yawa kan tsaunuka ko kusa da su: Habasha, Kokasas, Andis. Dalilinsa, ba da iskar huhu ake yin su ba. Rufe maƙogwaro ake, a tura shi sama, ƴar iskar da ke cikin baki ta matse ta fashe, kuma a ganinsa hakan ya fi sauƙi inda iska ba nauyi. Na gwada a bene, hawa na biyu, ina haki: ƙ, ƙ, ƙ, tana fita tsaf ko numfashi babu. Sai dai ba a magana da ƙ kaɗai, wasalin da ke bin ta huhu yake nema. Masu sukarsa sun ce harsunan da ke dangi ko maƙwabta gadon sauti suke yi da aro, a ƙirga su ɗai-ɗai kamar kowane shaida ne mai zaman kansa kuskure ne. Ni da su nake. Daga Gobir har Kano fili ne shimfiɗe, mutum miliyoyi na cewa ƙasa da tsamiya, ba dutsen da ya koya musu. In kuma an ce kakanni suka sauko da ita daga wani tsauni, to an bar maganar iska an koma tarihi.

Tikitin ban canza ba. Ba jarumtaka ba ce, kuɗin ya fi ƙarfina. Emama ta koya mini jiƙa wake tun dare, ta ara mini tukunya mai murfin matsi. Na koyi agogonsu bayan na makara taro da awa shida, don ƙarfe biyu nasu takwas ɗin safe ne namu. Na koyi zama har a sha gahawa zagaye uku, na ƙarshen baraka sunansa. Mako na biyar, wata Talata, sai da na kai tsakiyar darasi na lura ban tsaya ko sau ɗaya a bene ba.

Ranar da na dawo, gida ya cika, kawu ya zo daga Jiratawa, ana ta tambayar abin da Habashawa ke ci. Bayan isha'i Baba ya kira ni zaure.

"Ciwon ya daɗe?"

Na ce wane ciwo, Baba?

"Ke, ai mun ji numfashinki cikin waya. Uwarki ta ce in kira ki ki komo. Kakarki ta ce a bar ta, ita ta san abin da ta tahi yi." Ya miƙo mini kwanon fura. "Wai da gaske wake bai nuna can?"