Launin ruwan da ke cikin sirinji

Wata uku na yi ina jinyar kawuna da ciwon hanta ya cinye. Hannuwa sun koma kamar karan dawa, ciki kuwa ya yi tulu, har mazagin wando ya daina zagaye shi. Duk ranar da aka zuƙi ruwan cikin nan da allura, garau yake fitowa, mai ɗan launin ɗorawa. Wata safiya sai na ga ya fito gurɓatacce, kamar ruwan wankin shinkafa. Likita ya ɗaga sirinjin sama ya daɗe yana kallo.

Kwana biyu kafin nan jikinsa ya ɗan yi ɗumi, muka ce zazzaɓin sauro ne. Ya kwana ido biyu, ya wuni yana barci. Na ce, "Kawu, yaya ƙarfin jikin?" Ya amsa, amma da sunan mahaifina ya kira ni. Muka ɗora wa gajiya.

Ashe cutar daga hanjinsa ta taso. Kowa na ɗauke da ƙwayoyin cuta a hanji, irin su E. coli da Klebsiella, suna zaune lafiya da mu. Jinin da ya baro hanji sai ya biya ta hanta ta tace shi. Idan hanta ta taurare da tabo, jini ya dankare a baya, bangon hanji ya kumbura ya fara yoyo, abinci ya riƙa jinkirin wucewa, ƙwayoyin su hayayyafa. Daga nan su tsallaka su faɗa cikin ruwan da ke kwance a ciki, inda masu korarsu ba su da ƙarfi. Ba rauni, ba hujewar hanji. Tun 1964 wani likitan Amurka, Harold Conn, ya bayyana wannan, amma mu a bakin gado ba mu taɓa jin labarinsa ba.

A ɗakin gwaji, fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi ake ƙirgawa a cikin ruwan da aka zuƙo. In sun kai 250 a ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba, ba a jira, sai allurar ceftriaxone da ƙarin albumin don tsare ƙoda.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne omeprazole, maganin olsa da muke sayo masa a kemis ba da umarnin kowa ba. Yana rage tsamin ciki, tsamin da ke kashe ƙwayoyi kafin su yi yawa. Da hannuna nake ba shi kowace asuba, ina ganin tausayi nake yi masa.