Kwamfuta Mai Nawar Tashi

Kowace safiya in na kunna kwamfutar ofis, har in gama gaisawa da masinja ba ta farka ba, ga ma'aji yana jiran takardun albashi.

Da fari na shiga Task Manager, na tsayar da manhajojin da ke tashi tare da ita. Sauƙin bai taka kara ya karya ba. Abokina ya ce in ƙara RAM, watau ma'ajiyar aikin da ke hannunta. Na duba, ashe ko rabin gigabait 8 ɗinta ba ta ci ba. Laifin na tsohon faifai ne, mai juyawa sau 5,400 a minti. Kuɗin kuwa na abu ɗaya ne, sai na sayi SSD, wanda ba abin da ke motsi cikinsa. Yanzu kafin in gyara zama ta buɗe.