Darasin Wani Bakanike A Omdurman

Duk wanda ya ziyarci Khartum kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 zai tuna da tsofaffin tasi masu ruwan ɗorawa. A cikinsu akwai Hillman Hunter, motar Ingila da aka fara ƙerawa a 1966 aka daina a 1979. Irinta na shiga a 2018, za ni Omdurman ganin hubbaren Mahadi. Mun haye gadar Farin Nilu ke nan sai wata ƙara ta taso daga bayan motar, direba ya karkata zuwa unguwar kanikawa.

Bakaniken da muka tarar dattijo ne, Usta ake kiransa, wato maigidan gareji. Da ya ji daga Kano nake sai ya juya harshe zuwa Hausa. Ashe mutumin Mai Wurno ne, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903.

Yaronsa ya jawo jak da gaggawa zai cusa, Usta ya daka masa tsawa. Ya dube ni ya ce, "Malam, zauna ka gani, ko ka ƙaru."

Da fari ya sa aka tura motar inda ƙasa take a baje, ya shimfiɗa katako mai kauri, domin jak nutsewa yake yi a rairayi. Sannan ya danna weji gaba da bayan kowace tayar gaba. Dalili, in ji shi, birkin hannu da giya tayoyin baya kaɗai suke riƙewa, da zarar sun bar ƙasa babu abin da zai hana mota gangarawa. Ya sassauta notuna tun taya tana ƙasa. Daga nan ya saita kan jak a ƙarƙashin ƙullutun nan na tsakiyar aksil, ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, ya kauce wa notin zubar da mai, ya sa guntun katako tsakani don kada ƙarfe ya zame a kan ƙarfe.

Da mota ta tashi, ya kafa ƙafafun ƙarfe biyu a ƙarƙashin aksil, dama da hagu, dab da sifirin. Ya sauke nauyin a kansu sannu sannu, ya tura safaya kwance a ƙarƙashi, ya girgiza motar da hannu biyu. Sai a sannan ya yarda yaro ya shiga.

Na ce, "Baba, a wajenmu bulo wasu ke sawa." Ya yi shiru, can ya ce ƙanensa ma bulo ya sa. Bulon ya fashe, kuma ba a fito da shi da rai ba.

Bayan la'asar muka kama hanya, hubbaren sai washegari na gan shi. Yaƙi ya ci unguwanni da dama a biranen nan, kuma kullum na ga an ɗaga mota sai na tuna da Usta, in yi masa addu'a. Mai karatu, in ka ga yaro a ƙarƙashin mota jak kaɗai ke riƙe da ita, don Allah ka fito da shi. Rigakafi ya fi magani.